Shekarar da Na Yi Ban Kwana Sau Biyu

Tun da jikata Hafsatu ta gama sakandare gidan nan bai huta da gardama ba. Uwarta tana son jami'ar da in an ambaci sunanta a gidan biki mata sukan gyara zama, ita kuwa yarinyar ta ƙwallafa rai a kan wata ƙarama, don ƙawayenta da ke can sun ce mata malamai sun san sunan kowa. Na sa baki sau ɗaya, sai ɗana Kabiru ya ce mini, cikin ladabi dai, wai wannan zancen zamani ne. Na ci gaba da shan kokona, amma maganar ta tsaya mini a rai. Ku 'ya'yana da jikokina da kuka buɗe ido kuka gan ni malamin dabbobi, da alama kun ɗauka da allurar shanu a hannu aka haife ni. To ku zauna ku ji, ni ma an taɓa ajiye mini makarantu biyu a gabana, kuma zaɓen bai zo mini da sauƙi ba.

Mahaifina Malam Idi fatoman shanu ne a Jibiya. Fataken da suka koro shanu daga ƙasar Faransa, wadda yanzu kuke kira Nijar, da sun ƙetare iyaka zaurenmu suke sauka. Shi zai ba su abinci da wurin kwana, shi zai nemo musu masu saye, shi zai tsaya a kan ciniki. A cikin wannan hayaniya na tashi, na san halin sa tun kafin in san halin mutum. Da aka zo ɗaukar yara boko aka ɗauke ni, mahaifina ya yi ta ɓacin rai kamar an yi masa sata. Amma kafin in gama makarantar Midil a Katsina ya juya gaba ɗaya, har ya fi ni ɗokin karatun. In na zo hutu sai ya sa in karanta wa fatake rubutun da ke jikin gwangwanin madara da Turanci, yana kallon fuskokinsu yana shafa gemu.

A shekarar da na gama, cikin shekarun hamsin, hedimasta ya kira ni ofishinsa ya ce na sami wuri biyu. Na farko babbar kwaleji ce a wani birni kudu da mu. A lokacin babu jami'a a Arewa, wannan kwalejin ita ce ƙofar da ake bi a tafi jami'a a Kudu ko Ingila, kuma daga cikinta manyan ma'aikata suke fitowa. Na biyu makarantar koyon aikin dabbobi ce, can cikin duwatsu a ƙasar sanyi. Ita wannan da wasa na same ta. Wani likitan dabbobi ne ya zo makarantarmu ya tambayi wanda ba ya tsoron bijimi, na ɗaga hannu don in burge 'yan ajinmu, ya yi mini 'yan tambayoyi ya rubuta sunana. Hedimasta ma da ya faɗe ta, a gurguje ya wuce, kamar mai ba da labarin abin da ba shi da amfani.

Da na kawo labari gida, ta farkon kaɗai mahaifina ya ji. Kafin la'asar duk Jibiya ta ji. Yana da wani aboki, Sanda mutumin Maraɗi, mai fataucin goro, mutum mai baki kamar reza, kullum suna tare a majalisar da ke gindin tsamiya kusa da shingen kwastan. Shi ne ya laƙaba wa mahaifina suna Uban Di'o, wato uban jami'in mulki, wanda su a wajensu suke ce wa kumandan. Mahaifina yakan ce a bari, a bari, amma duk wanda ya kira shi da sunan sai ya sami goro.

A garinmu yaro ba ya tafiya nesa sai ya zaga ya yi ban kwana. Gida gida za ka bi, na dangi da na abokan uba da na maƙwabta, ka durƙusa ka faɗi inda za ka da abin da zai kai ka. Maza su yi maka addu'a, mata su ba ka guzuri. Bisa al'ada sai tafiya ta matso ake yi, amma mahaifina bai iya jira ba, da sauran lokaci mai yawa ya tura ni. Na zaga har Daddara da Bugaje a kan keken aro. Na dawo da dakuwa da ƙuliƙuli da yaji da ƙwai, kai har da zakara. Gwaggo Laraba, yayar mahaifina, ta daka mini dakuwa cike da ƙwarya, ta ce in ci a hankali in na isa can don kada in manta da ita ranar da na zama babba. Ba zan ɓoye muku ba, ban bar Jibiya ba na ga bayan dakuwar nan.

Ana cikin haka 'yan makaranta suka fara dawowa hutu. Biyu daga cikinsu su ne suka dagula mini lissafi. Ɗaya Yaya Lawal ne, ɗan wan mahaifina, wanda yake babbar kwalejin. Ɗayan Mamman ne, ɗan wani manomi a Daddara, wanda ya girme ni a Midil, yana makarantar dabbobin. Yaya Lawal ya sauko daga mota da farin wando da takalmi sau-ciki, yara suna bin sa a baya, amma ya rame, kuma mutumin da na sani da surutu ya koma sai an tambaye shi yake magana. Mamman kuwa ya dawo wuya ya yi kauri, hannuwa duk kanta, bakinsa ba ya rufuwa. In ya zo zaurenmu sai ya hana fatake barcin rana da labarin malamansu: wanda yake kiran kowace saniya da suna, da wanda sa ya ɗaga ya jefa cikin kwatami ya tashi yana dariya, da mai dafa musu abinci da yake ɓoye wa wanda ya makara ƙanzo. Ni mutum ne mai son ci da son hira, ba yau na fara ba, saboda haka kunnena ya tsaya a kan labarin.

Abin da ya fi tsaya mini a rai a kasuwa na gan shi. Na tarar da Mamman a rumfar Buzaye yana cinikin cuku da dabino, yana ƙullawa kashi kashi a tsumma. Na tambaye shi na wane ne.

"Tsaraba ce," ya ce. "Wanga na malamin tiyata, wanga na mai dahuwa, wanga kuwa na tsohon da ka tsaron garke. In na koma hannu sake, da wane ido zan dube su?"

Na ce ai hutu bai yi nisa ba, me yake gaggawa.

"Akwai saniyar da ka shirin haihuwa. Na roƙi a bar mini ita. Jibi ni tahiya."

Na tsaya ina kallonsa. A iya sanina tsaraba gida ake kawo ta. Ban taɓa ganin ɗan makaranta ya saya da kuɗin aljihunsa ya kai wa makaranta ba, balle ya yanke hutunsa da kansa. Mu a Midil, ranar komawa sai an tura mu cikin mota kamar awaki.

Bayan kwana biyu na raka Yaya Lawal gulbi wankin kaya. Muna shanya fararen wandunansa a kan yashi na tambaye shi, kamar da wasa, wa zai kai wa tsaraba in zai koma. Ya dube ni, ya yi wata 'yar dariya da ba ta kai ciki ba.

"Tsaraba? Wa zan ba? Can ba a san ka ba sai da lambar da ka ci a jarrabawa."

Na ce amma ai kowa yana sha'awarsu.

"Ana sha'awarmu a nan, ƙanena. Makaranta ce mai kyau, ba zan ɓata ta ba, kuma akwai waɗanda tseren ke yi musu daɗi, su ko barci ba su so. In kai irinsu ne, ka tahi, za ka yi suna. Ni dai tun ran da na sauka nake jin ranar komawa a ƙirjina. Kai ne ka san irin cikin da Allah Ya ba ka."

Na san irin cikin da Allah Ya ba ni. A Midil ina cin jarrabawa ne don kaina yana kamawa, amma ban taɓa son tsere ba, kuma duk ranar da aka karanta sakamako sai in rasa cin abinci ko da ni ne a gaba. Da na rufe ido na hango kaina cikin farin wando a bayan tebur sai in ji kamar an sa mini rigar wani. Da na hango kaina a cikin garke da igiya a hannu sai in ji numfashina ya daidaita. Na yi kwanaki ina juya abin. In na bi ta kasuwa aka ce ga ɗan Uban Di'o nan sai kaina ya kumbura in ce na fasa fasawa. In na dawo zaure na ji warin shanu sai zuciyata ta koma inda take.

Inna na fara gaya wa, tana tankaɗe a tsakar gida. Ta ajiye rariya ta dube ni.

"Ka san abin da za ka yi wa ubanka?"

Na ce na sani.

"Ba ka sani ba, amma za ka gani. In ka ƙudura, ka same shi da hantsi bayan ya karya, kada ka same shi gaban baƙi. Kuma kada ka ce ni na sani."

Haka na yi. Na same shi shi kaɗai a zaure yana gyaran igiya, na durƙusa na faɗi abin da ke raina, ina ta kame-kame. Na yi zancen Mamman da tsarabarsa, na yi zancen ramar Yaya Lawal. Da nake faɗa da bakina sai na ji hujjojin sun yi mini ƙanana, kamar yaro yana bayanin dalilin da ya sa yake son wannan wasa ba wancan ba. Bai ɗago kai ba har na gama.

"Wato cuku da dabino sunka raba ka da kwaleji."

Na ce ba haka ba ne, Baba, ina so ne in je inda zan ji daɗin karatun.

"Daɗi," ya ce, kamar yana ɗanɗana kalmar. "Ni na aike ka neman daɗi? Shanun ga da kake gani, don kada ka ƙare cikin kashinsu na bar ka ga boko."

Ya ci gaba da murɗa igiyarsa. Na zauna a durƙushe har ƙafafuna suka mutu. Ina jiran tsawa ko mari, don da ya yi ɗaya daga ciki da na sami sauƙi. Can ya ajiye igiyar.

"Ba ni tilasta ka. Na ga abin da ka faruwa in anka ja sa inda bai so. Amma ka riga ka shiga gidajen mutane ka ce musu ga inda za ka, sun yi maka addu'a a kai, ka ci guzurinsu. Sai ka koma dut inda ka shiga, ka hwaɗi da bakinka ka sake. Ba aike, ba rakiya. In ka gama da gidaje ka zo gindin tsamiya ka hwaɗa wa abokaina. In ka iya wannan, ka tahi inda kake so."

Na tabbata a ransa ya ɗauka ba zan iya ba. Ni ma haka na ɗauka. Ban kwana na farko da ƙirji a buɗe na yi shi, na biyu kuwa kowace ƙofa sai na tsaya na yi ta kai da komowa kafin in yi sallama. Wasu suka ɗauka korata aka yi tun ban je ba. Wata tsohuwa a Bugaje ta fashe da kuka ta ce an yi mini asiri, ta tashi za ta nemo mini rubutu. Wani abokin mahaifina ya saurare ni har ƙarshe, sannan ya juya ya ci gaba da magana da wani kamar ba na wurin, wannan kuwa ya fi zagi ciwo. Gwaggo Laraba ta riƙe haɓa.

"Malamin shanu? To maido mini dakuwata! Ta Di'o na daka, da na san ta mai bin gindin saniya ce da ban sa mata sukari ba."

Na ce Gwaggo, dakuwa kam ta riga ta wuce. Ta ɗauki muciya ta biyo ni har ƙofar gida, amma ina jin ta tana dariya a bayana, kuma ranar tafiya sai ga wata ƙwaryar ta aiko. Liman kuwa, da na durƙusa na ce na zo ne a kan addu'ar da ya yi mini, ya ce shi bai ambaci sunan gari a cikinta ba, duk inda na nufa za ta bi ni. Wani Ardo da na tarar a wurinsa ya kama hannuna da hannu biyu ya ce in yi sauri in dawo, don cutar bushiya ta cinye masa rabin garke a shekarun baya kuma har yau bai manta ba. Wannan ne gida na farko da na fito ina jin ƙafafuna a ƙasa.

Abin mamaki, da na yi nisa da zagayen sai maganar ta daina yi mini nauyi. A gidajen farko ina faɗa ina neman gafara, a na ƙarshe ina faɗa kamar mai ba da labarin abin da ya riga ya faru. Kowace yamma in na dawo, mahaifina ba ya tambayata komai. Daga baya Inna ta gaya mini cewa duk gidan da na shiga sai da ya ji yadda aka yi, da abin da aka ce mini, da abin da na amsa.

Saura gindin tsamiya. Na je bayan la'asar, lokacin da majalisa ta cika, dillalai da fatake da masu jiran a buɗe musu shinge. Labari ya riga ni isa, don ina hango su na ga hira ta tsaya. Mahaifina yana zaune a kan buzunsa, bai dube ni ba. Na cire takalmi na durƙusa na gaishe su ɗaya bayan ɗaya. Kafin in buɗe baki Sanda ya riga ni.

"A'a, ga kumandan da kansa! Yaro, mi muke ji? An ce ka bar babbar lakwal za ka koyon tatsar nono." Aka yi dariya. Ya juya wajen mahaifina. "Malam Idi, gaya muna gaskiya. Ɗiyan zamani ne sunka fi ƙarfinmu? Kai ka ce gabas, ɗanka ya ce yamma, kuma yamma za a yi?"

Dariyar ta mutu. Ku ba za ku gane nauyin wannan tambaya ba yanzu. A Jibiya ta wancan lokaci, yaron da aka ce ya fi ƙarfin ubansa ya gama yawo. Ba mai ba shi 'ya, ba mai ba shi amana, kuma sunan zai bi shi har ya yi furfura. Na buɗe baki in ce ni ne na zaɓa, kamar yadda aka umarce ni, amma mahaifina ya ɗaga hannu.

"Ni na hana shi," ya ce. "Na duba na ga ba ni iya ba da ɗana ga teburin Nasara. Mu mutanen shanu ne, cikin shanu zai tsaya. Yaro ya so kwaleji, ni na ce a'a, kuma ya bi maganata. Wanda ke da magana ya yi da ni."

Na ɗago kai na dube shi, shi kuwa yana kallon Sanda ido cikin ido. Aka yi ta gyaran murya. Wani ya ce kai Malam Idi, ka cuci yaro. Wani ya ce dama ya san ɗokin nan ba zai kai ko'ina ba, fatoma fatoma ne. Sanda ya girgiza kai ya ce ashe a banza ya yi ta cin goron Uban Di'o. Mahaifina ya zauna ya sha duk abin da aka faɗa, mutumin da ko a ciniki ba ya bari a yi masa maganar ƙarshe. Ni ina durƙushe kunya da tausayi sun rufe ni, hawaye suna zuba a kan gwiwata, mutane kuwa suka ɗauka kukan kwaleji nake.

Da aka kira magariba ya tashi ya naɗe buzunsa ya miƙo mini, muka kama hanya yana gaba ina baya. Sai da muka wuce rumfunan mahauta, inda ba kowa, sannan ya rage tafiya har na iso kusa da shi.

"Ka zaga gari ba ka sauya maganarka ba, na ji," ya ce. "Abin da na hwaɗi can ƙarya ce, Allah Ya gafarta mini, ni zan ɗauke ta. Gara a ce uba ya yi duhun kai da a ce ɗa ya yi taurin kai, ni na kusa gama tawa rayuwar. Kada ka gyara zancen ga kowa ina raye."

Na ce to, Baba.

"Kuma daɗin nan da kake hwaɗi, in ka tahi ka tabbata ka ji shi. Da tsada na saye shi."

Har ya rasu mutanen Jibiya suna cewa Malam Idi ne ya tare wa ɗansa hanya. Yaya Lawal ya daure ya gama, ya zama babban ma'aikaci, kuma duk ranar da motarsa ta shigo gari sai an sami wanda ya tuna wa mahaifina abin da ya hana ni. Bai taɓa musawa ba, ni ma ban taɓa ba, sai yau da na faɗa muku. Makarantar kuwa na same ta yadda Mamman ya faɗa, har da ƙanzon. Na yi abokai, na yi ƙiba, sa ya jefa ni cikin kwatami ni ma. Na yi aikina a burtalin shanu har ƙarfina ya ƙare, ban tara abin kirki ba, ban kuma taɓa wayar gari ina jin nauyin fita ba. A duk umarnin da mahaifina ya ba ni a duniya, wannan na jin daɗin ne na bi ban tsallake ko rana ɗaya ba.